Ruwan Sama Amana Ne: Daga Teku Zuwa Rijiya

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai kora gizagizai inda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ina yi wa kaina da ku wasiyya da tsoron Allah. Alƙur'ani mai girma ya yawaita kiranmu ga yin tunani a kan ruwa. A Suratuz Zumar an ja hankalinmu ga yadda ake saukar da shi daga sama, a shigar da shi cikin ƙasa ya zama maɓuɓɓugai. Wanda ya san hanyar da Allah Ya tsara wa ruwa, imaninsa zai ƙaru, kuma zai san abin da ya hau kansa.

Ku sani, Allah Ya yi muku rahama, tafiyar ruwa daga rana take somawa. Tsakaninmu da ita kilomita wajen miliyan 150 ne, amma zafinta shi ke ɗaga ruwan teku ya zama tururi, ya bar gishirinsa a baya. Kimanin kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya na gishiri ne, ba ya shayuwa, ba ya raya shuka. Da wannan hikima Allah Yake tace mana shi kyauta. Tururin in ya yi sama sai ya yi sanyi, ya dunƙule ya zama girgije.

Da bazara, sa'ad da hamada ta ɗau zafi, iskarta kan tashi sama, sai iska mai laima ta taso daga tekun Gine, ta kudu maso yamma, ta maye gurbinta. Ita ce iskar damina. Shi ya sa Gaya ke riga Tawa samun ruwa, kuma ta fi ta samu. Da ɗari kuwa sai iska ta juya, hunturu ya buso daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Cadi.

Ruwa in ya sauka, hanya 3 gare shi: wani ya koma sama, wani ya gudu cikin korama, wani ya nutse. Wanda ya nutse shi ne ajiyarmu, shi muke jawowa da guga a tsakiyar rani. Rairayin Gulbin Maraɗi na riƙe shi kusa, har a yi noman rani. Birnin Damagaram kuwa bisa dutse yake zaune, dutsen da ba ya riƙe ruwa da yawa, don haka aka jawo wa birnin ruwa daga nesa, kamar Gogo da Arunguza.

Ya ku bayin Allah, mun ga jarrabawa iri biyu. Mun ga farin 1973 da na 1984, har a watan Yuni na 1985 kogin Isa ya daina gudu a Yamai. Mun kuma ga ambaliya: a 2020 kogin ya ci unguwannin Yamai, a Satumba ta 2024 ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Yawan ruwa da ƙarancinsa na hannun Allah. Amma abin da ruwan ke tararwa in ya sauka, akwai hannunmu a ciki. In aka sare itace, aka kwashe kara, ɗigon ruwa kan daki ƙasa tsirara har fuskarta ta toshe, ta zama fako. Fako ba ya shan ruwa. Sai ruwan ya kwashi ƙasar noma, ya yanka kwazazzabo, ya faɗa wa gari, rijiya kuma ta tashi ba ta samu komi ba. Ke nan ɓarna guda ce ke ƙara ambaliya da damina, ta ƙara ƙishirwa da rani.

Imani da ƙaddara bai hana riƙon sababi ba. Annabi Yusufu, alaihis salam, tanadi ya yi wa shekarun fari. A ƙasarmu ma an gwada an gani. A Keita, tun daga 1984, an tare ruwa da jerin duwatsu da ramuka har fako ya yi tsiro. Manoman Illela sun rayar da gonaki da tassa da rabin wata. A jihohin Maraɗi da Damagaram manoma sun bar kututture ya tofo, suna yi masa aski, har itatuwa suka dawo cikin hekta wajen miliyan 5. Ku dubi gawo: yana zubar da ganye da damina, ya ba hatsi rana da taki, ya ciyar da bisashe da rani.

Don haka, kowa ya bar tsiron itace a gonarsa. Kada a gina gida bisa hanyar ruwa, domin ruwa ba ya mance hanyarsa. Kada a zuba shara da leda a magudanai, cutar da maƙwabci haramun ce. A taƙaita ruwan alwala, domin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da mudu guda yake alwala, kuma ya sanar da mu cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi sadaka ne gare shi. Bai dace mu fita roƙon ruwa da tuba a baki, gatari a kafaɗa ba.

Ya Allah, Ka shayar da mu ruwa mai albarka, mai amfani ba mai cutarwa ba. Ka tsare garuruwanmu daga fari da ambaliya, Ka jiƙan magabatanmu, Ka ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.