Ɗan Rakiya Ko Mai Gadin Ƙofa?

Mai karatu, in kana bin finafinan Indiya, wataƙila ka kalli Phobia na 2016, inda Radhika Apte ta fito a matsayin Mehak, wadda wani direban tasi ya ci wa zarafi, daga nan ko bakin ƙofa ta kasa takawa. Kamar yadda 'yan fim suka saba, an fi ba da ƙarfi wajen firgita mu da motsin dare. Ni kuwa tambayar da ta tsaya mini ita ce: in wanda kake ƙauna yana tsoron fita, hutar da shi za ka yi, ko jan shi waje?

Ciwo ne sananne. Wani likitan Jamus, Carl Westphal, shi ya raɗa masa suna agorafobiya a 1871, daga kalmar Girkanci mai nufin dandalin kasuwa. Mutum ya doshi fili ko cunkoso sai zuciya ta hau bugawa, ga gumi, ga jiri, ya ji kamar ajali ne ya zo. Waɗanda Westphal ya bayyana maza ne, kuma ya lura tsoron yana yi musu sauƙi in suna da ɗan rakiya.

To a nan gida fa? Namiji ya daina zuwa kasuwa da masallaci, kafin mako guda unguwa ta sani. Mace kuwa tana iya shekara biyar a tsakar gida ana yaba ta, wai ba ta yawo. Sai ranar da ta kasa zuwa sunan ƙanwarta, ko awon ciki, sannan a fara cewa iska ce, ko sammu. Addu'a ba ta hana ganin likita, amma sau da yawa a nan ake tsayawa.

Ga inda tausayi ke zama tarko. Kai ke zuwa cefane, kai ke karɓo magani, kai ke ba dangi uzuri. Kowane aike da ka ɗauke mata yana ba ta sauƙi yau, yana kuma ƙara tabbatar wa zuciyarta cewa waje haɗari ne. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, akwai mai jinyar da ke jin daɗin a ce ba a iya komai sai da shi. Akwai ma mijin da kishi ya sa ciwon ya yi masa daidai.

Ba kuma cewa nake ka figi hannunta kana "tashi mana, ragwanci ne" ba. Wannan amana kawai zai ɓata. Hanyar da likitocin ƙwaƙwalwa ke bi ta sannu-sannu ce, da yardar mai ciwon: yau zaure, bayan kwanaki ƙofar gida, sannan kantin bakin layi, ana tsayawa har bugun zuciyar ya lafa maimakon a ruga ciki. Wani lokaci a haɗa da magani. Mafi wuya shi ne kai ɗan rakiyar ka riƙa ja da baya, ka bi ta daga nesa, wata rana ka zauna a zaure ka jira ta dawo.

Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, akwai na Dawanau a Kano. Na sani, zuwa can ma fita ce. Shi ya sa tafiyar farko takan faɗo kan mai jinya: ya je shi kaɗai, ya bayyana wa likita abin da yake gani, ya tambayi ta inda za a fara.