Jiran Takarda: Haƙuri Ne Ko Naɗe Hannu?

Wataƙila ke ce kika sayar da rogon gonarki a Batsari kika biya kuɗin kujera, ko kuma ɗanki ne ya baro Safana ya je Katsina aka ɗauke shi hoto a ofishin Hukumar Shige da Fice, amma har yau fasfo shiru. Kullum aka tambaya sai a ce "ana kan aiki". Idan kin ce za ki bi sawu, sai wata ta ce miki, "Haba, ina tawakkalinki?" To tambayar ita ce, shin bin sawun takarda ya saɓa wa haƙuri?

Amsa a taƙaice, bai saɓa ba. Dubi Nana Hajara, mahaifiyar Annabi Isma'ila (AS). Da ruwa ya ƙare mata a kwarin Makka, zuciyarta na tare da Allah, amma ƙafarta ba ta zauna ba, sai da ta yi kai-kawo sau 7 tsakanin Safa da Marwa. Wannan sa'ayin ne kike neman takardar zuwa ki yi. Ashe kuwa bai dace ki naɗe hannu ki kira shi tawakkali ba.

Don haka ki san inda takardarki ta tsaya. Fasfo yana da matakai: cike takarda da biyan kuɗi, ɗaukar hoto da zanen yatsu, tantancewa da lambar NIN, bugawa, sannan karɓa. Sau da yawa abin da ke maƙale shi ƙarami ne, kamar a ce sunanki ko ranar haihuwarki a NIN sun saɓa da abin da aka cike. Ki adana rasit da lambar takardarki, ki tambaya cikin ladabi, "A wane mataki take, me ya rage a kaina?" A 2021 gwamnatin tarayya ta sa wa'adin mako 6 ga sabon fasfo, mako 3 ga sabuntawa, amma duk da haka a 2023 sai da aka tarar da fasfo fiye da 200,000 sun taru ba a buga ba. Kin ga jinkiri ba lallai alamar an tsane ki ba ce, ba kuma aikin sammu ba ne.

Biza kuwa ƙasar Saudiyya ce ke bayarwa. Ta Hajji tana biyowa ta Hukumar Alhazai ta Ƙasa da Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta jiha. Akwai jiran da babu jami'in da zai iya gajarta shi. A 2020 da 2021 ba wanda ya tashi daga Najeriya saboda annobar korona, a 2022 kuma kujerun da aka ba ƙasar ba su kai rabin 95,000 da aka saba ba. Nan ne gurbin haƙuri na gaskiya. Ai Manzon Allah (SAW) da sahabbansa an tare su a Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan hijira, sai da shekara ta zagayo suka yi umararsu.

Sai dai fa 'yar uwa, jira yana da tarko. Mu mutanen gefen dajin Rugu mun san zuwa Katsina ba ƙaramin abu ba ne, ga kuɗin mota ga fargabar hanya, a 2021 ma har layukan waya aka katse mana. Cikin irin wannan gajiya ne mai "hanya" ke zuwa ya ce ki kawo wani abu ya tsallakar da ke layi. Ki tsaya ki yi tunani: wa za a mayar baya don ke ki wuce? Wataƙila wata tsohuwa ce daga Runka ko Ruma da ta riga ki biya, ba ta da kowa sai Allah. Musulunci ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Yaya za a fara tafiyar neman gafara da haƙƙin wata a wuya?

Haka nan masu yi wa 'yan mata alkawarin bizar aikatau cikin sati guda, su karɓe fasfo a hannunsu. Kada ki miƙa 'yarki don gudun jira. Sauri ya haifi nawa, zaman takari babu takarda kuma ƙarshensa ɓuya ne da kamu.

Saboda haka ki raba jiranki gida biyu. Abin da ke hannunki, ki bi shi da ƙafa da baki da rasit. Idan ba ki iya karatu ba, ki nemi wata a Islamiyyarku ta duba miki, mu kuma masu karatun mu ɗauki wannan a matsayin sadaka. Abin da ba ya hannunki, ki bar wa Mai shi, ki ci gaba da sallarki da sana'arki, kada ki dakatar da rayuwa don takarda.

Allah Ya kira mu ɗakinSa ta hanyar halal, Ya zaunar da yankinmu lafiya, amin. Wassalam.