Kututture Ba Matacce Ba Ne

'Yan'uwa cikin Almasihu, idan masifa ta sare mutum har ƙasa, ko ya isa mu ce masa "sai haƙuri," mu wuce?

A yunwar 2005 rumbunmu ya ƙare tun kafin damana. Na sayar da awakina, na kuma binne ɗiyata ƙarama. Ran Lahadi ina koya wa jama'a dogara ga Allah, da dare kuwa addu'a ta gagare ni. Masu gaisuwa suka ba ni haƙuri, suka watse. Wani dattijon ikkilisiya kam bai yi mini wa'azi ba. Kowace safiya yakan zo da hauyarsa, mu tafi gonata tare.

A can ya nuna mini abin da manoman ƙasar Maradi suka koya tun 1983, sa'ad da wani ɗan mishan, Tony Rinaudo, ya lura kututturan gonaki suna da saiwa mai rai. Ba sai an dasa sabon itace ba. Akan zaɓi tsiro mai ƙarfi, a datse sauran, a tsare shi daga awaki da gatari. Bayan 'yan shekaru sai ga inuwa.

Na gane ni ne kututturen. Ubangiji ne ya rayar da saiwar bangaskiyata, amma ta hannun dattijon nan ya tsare tsiron. Ashe haƙurin da muke ba ɗan'uwa bashi ne a wuyanmu, da zuwa da taimako ake biyansa.

Wa aka sare a ikkilisiyarku bana? Gobe da safe, ɗauki hauyarka.