Dare Mahutar Bawa: Nawa Ne Kuɗinsa?

A unguwarmu ta Zango, nan Kwatano, kafin ladan ya kira assalatu zakarun maƙwabta sun riga sun yi cara. Tun muna yara muke cewa hasken alfijir suke hangowa. Ɗan ƙanwata da ke karatun ilmin halittu a Jami'ar Abomey-Calavi shi ya warware mini wannan zato. A shekarar 2013 masu bincike a Jami'ar Nagoya ta Japan sun tsare zakaru a ɗaki mai dishi-dishin haske, babu dare babu rana, amma suka ci gaba da cara a kan lokaci, kusan duk bayan awa 24. Ashe agogon a cikin jikinsu yake.

Wannan agogo ba na zakara kaɗai ba ne. A 2017 aka bai wa Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young lambar yabo ta Nobel saboda bayyana yadda yake tafiya a jikin ƙudan 'ya'yan itace: wata ƙwayar gado tana sa a haɗa wani sinadari da ke taruwa da dare, ya ragu da rana, haka kullum. Mutum ma yana da irinsa a ƙwaƙwalwa, kuma hasken da ke shiga ido shi ke saita shi.

Sauro ma da lokacinsa. A 2012 aka wallafa wani bincike da aka yi a ƙauyukan Lokohouè da Tokoli a kudancin Benin, wanda ya nuna cewa bayan an raba wa jama'a gidan sauro mai magani, wani nau'in sauron zazzaɓi ya karkata cizonsa zuwa goshin asuba, har zuwa bayan gari ya waye, lokacin da mutane suka fito. Ka ga nan sanin agogon dabba ya zama hanyar tsare rai.

To amma ilmi wuƙa ce, tana yanka nama, tana yanka yatsa. Mai gidan gona ya san idan ya kunna wa kaji fitila har awa 16 a yini za su ƙara ƙwai, sai ya ƙirƙira musu rana ta ƙarya. Abin tambaya shi ne: don mun san yadda agogo yake, shi ke nan mun samu ikon juya shi don amfanin kanmu?

Bari mu bar kaji mu dawo kan ɗan'uwanmu. Mutanenmu da yawa a garin nan gadi suke yi. Na san wani dattijo da ke kwana zaune a ƙofar wani gida, gari na wayewa ya ɗauki tire ya nufi kasuwar Dantokpa, don albashin bai kai shi ƙarshen wata. Ranar da gyangyaɗi ya ɗebe shi wajen ƙarfe 4 na dare, maigidan ya kira shi rago, ya yanke masa kuɗi. Alhali a wannan sa'a zafin jikin kowane ɗan Adam yana sauka, barci yana danne shi, ko sarki ne. A 2019 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake tabbatar da aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar.

Wani zai ce ai da yardarsa ya karɓi aikin, kuma asibiti da tashar jirgin ruwa ba sa barci. Gaskiya ne, dole wasu su raya dare. Sai dai yardar mai jin yunwa ba ta sauke nauyi daga wuyan mai ƙoshi. Wanda ya sayi daren mutum, ya sayi wani yanki na lafiyarsa ne, ko ya sani ko bai sani ba. Saboda haka haƙƙi ne a kansa ya biya abin da zai ishi mai gadi ya yi barci da rana, ya ba shi ranar hutu, ya samo mai karɓarsa.

Ya kai mai karatu, in akwai wanda ke zaune a ƙofarka kana minshari, ka taɓa tambayarsa yaushe yake barci? Allah Ya sa mu sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu.