Tsohon Mai a Cikin Injin Kwalekwale

Zo nan, ɗana, ajiye sifanar ka zauna. Ba faɗa zan yi maka ba. Yamahar nan da masuncin Tiga ya kawo, na ga ka wanke fulogi, ka sauya man giya, ka goge jikinta tana ƙyalli. Madalla. Amma da na sassauta notin gindin kafireta, abin da ya fito ja ne, yana warin tsami. Ka bar mata tsohon mai.

Na san dalilinka. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa yana jin zubar da fetur kamar zubar da jini. Sai dai mutumin ya gaya mana da bakinsa cewa ajiye ta zai yi har bayan damina. Injin irin wannan fetur ake gauraya masa da baƙin mai. In fetur ɗin ya daɗe a kwance, mai sauƙin cikinsa ya tashi ya bi iska, sauran ya zama danƙo ya toshe 'yan ƙofofin da mai ke bi, waɗanda allura ma da ƙyar take shiga. Ga kuma raɓa da ke taruwa a tanki. Ruwa ya fi fetur nauyi, can ƙasa yake kwanciya, daidai inda tiyo ke zuƙa.

A nan Sharada ka saba da janareta. In ta mutu, iyaka masaƙa ta tsaya, oga ya yi faɗa, a kira mu. Wannan kuwa a tsakiyar dam za ta mutu, iska na kaɗawa, wataƙila da mata da yara a ciki, ba inda za a tura ta gefe. Shi ya sa nake tsananta maka.

Ga yadda za ka yi. Tsoma ƙafarta a duro mai ruwa kafin ka tayar, domin in ta yi aiki a bushe, robar famfon da ke sanyaya ta nan take za ta ƙone. Ka cire tiyon mai, ka bar ta ta shanye na cikinta har ta mutu da kanta. Kada ka yarda ya ƙare ke nan, akwai saura. Tara gwangwani, ka kwance notin ƙasa, ka duba abin da ya fito a hasken rana. Ka wanke kofin tace mai, ka matse robar tiyo, ka kife tanki. Kuma ka yi nesa da mai waldan can, ba tartsatsi, ba sigari.

Abin da ka tara kada ya shiga kwata. Kwatocin Sharada Kogin Challawa suke faɗawa, na Bompai su bi Getsi su haɗu da Jakara, kuma ruwan nan ya riga ya sha dattin kamfanonin fata, ga masu lambu suna ban ruwa da shi. Ka zuba a jarka, ka rufe, mu wanke ƙarafa da shi.

In mai ita ya zo, ka gaya masa ranar da zai koma ruwa ya haɗa sabon mai. Tashi ka ɗauko duron, ina nan ina kallo.