Haƙƙin Wanda Ya Riga Ka Turawa

Ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Jihar Gombe, da sauran matasan garin masu rubuta manhaja, sun saba da wannan takaici: ka gama aiki, ka tura shi rumbun da kuke tarayya a GitHub, sai Git ya ƙi karɓa. Wani lokaci dalilin ƙarami ne: ba a ba ka izinin rubutu ba, ko fayil ya haura megabait 100, ko kana shiga da kalmar sirri alhali GitHub ya daina karɓarta tun watan Agusta na 2021. Ƙin da ya fi buƙatar nazari shi ne wanda ke zuwa domin abokin aikinka ya riga ka turawa, rumbun ya ƙunshi abin da kwamfutarka ba ta gani ba.

Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana ɗaure kowane gyara da wanda ya gabace shi, kamar yadda malaman hadisi ke ɗaure mai ruwaya da malaminsa. Idan an karɓi naka a yadda yake, silsilar za ta tsallake aikin ɗan'uwanka. Hanya biyu ce a gabanka. Ko ka jawo nasa, ka karanta, ka haɗe da naka, ka sasanta inda kuka taɓa layi ɗaya. Ko ka tura da ƙarfi, naka ya danne nasa. Ta biyun kalma ɗaya ce a allon madannai, amma a ma'aunin addini cin amana ce, domin rumbun tarayya ajiyar jama'a ce, kuma shari'a ta hana mutum kawar da wahalarsa ta hanyar ɗora ta a kan wani. Malamanmu masu kwafar littattafai da hannu sun san wannan ladabi: in sun ga kuskure sukan rubuta gyara a gefen takarda, su bar na baya ya gani ya auna.

Wani zai ce, to in nawa ne daidai fa? Mai yiwuwa ne. Sai dai wanda bai karanta aikin abokinsa ba, da me ya gane nasa ya fi? Hukunci kafin a ji ta bakin ɗaya ɓangaren, ko ya dace da gaskiya, ba adalci ba ne. Wani kuma zai kawo lalura: an tura mabuɗin sirri bisa kuskure, dole a goge tarihi. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe, amma lalura da gwargwadonta ake ɗaukarta. A canza mabuɗin, a sanar da abokan aiki, sannan a yi amfani da turawar ƙarfi mai sharaɗi, wadda ke tsayawa in wani ya ƙara abu bayan dubawarka ta ƙarshe.

Malaman da ke duba aikin ɗalibai na rukuni a Gombe su kulle babban reshen rumbu daga turawar ƙarfi tun ranar farko, su kuma gaya wa ɗaliban dalili.