Bangon Madafi: A Rushe ko a Bari?

A 'yan shekarun nan an shiga yayin gyaran tsofaffin gidaje, inda maigida kan kira magina su rushe bangon da ya raba madafi da falo, wai don iyali su sami fili guda na girki da ci da hira. Abin tambaya a nan shi ne: shin bango ne ya raba iyali, har da rushe shi zai haɗa su?

A shekarar 1926, wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wa gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus wani ɗan kicin, faɗinsa bai kai mita 2 ba, tsawonsa kuwa mita 3 da 'yan kai. An yi kusan 10,000 irinsa. Nufinta na alheri ne, watau rage wa mace kai-da-kawo. Sai dai ɗakin na mutum ɗaya ne, don haka mai girki ta zama saniyar ware a gidanta.

Mu kuwa da muka tashi a gidan gargajiya, a tsakar gida muka ga murhu: wannan na daka, waccan na tankaɗe, yara na iza wuta, kaka na gyaran wake. Da muka koma gidajen kwatas, sai muka tura uwargida bayan ƙyaure, muka zauna gaban talabijin muna jiran kwano.

To amma bango ma da ranarsa. Yakan tare hayaƙi, yakan kuma rufa asirin tukunya ranar da miya ba nama. Ko tsakar gidan da muke yabo, ai zaure ne ke kare ta daga idon baƙo.

A ganinmu, aikin da aka rarraba shi ne ya tara mutane a gindin murhu. Gaskiya ne ko a can maza ba su taɓa muciya, amma mai girki ba ta kaɗaita, domin ga facala, ga suruka. A gidan zamani babu su. Idan miji da 'ya'ya ba su cike gurbinsu ba, rushe bango zai mayar da wahalar ɓoye ta zama ta gaban 'yan kallo, ga kuma ɗawainiyar tsabtace wurin kullum don kunyar baƙi.

Saboda haka, kafin a ɗauko guduma, ya kyautu a shawarci mai madafin, kowa kuma ya faɗi aikin da zai ɗauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.